Hoton 'Ya'yan Inna

A ƙauyenmu, can tsakanin Makoɗa da Bici, ni ce mai ɗaukar hoton mata. Ba wai na fi kowa iyawa ba ne, ni ce dai ke shiga cikin gida ranar suna ko kamu ba tare da kowa ta zabura neman mayafi ba. Da safe ina koyarwa a firamare, da yamma in zauna gaban tsohuwar kwamfutar da na saya tun ina kwaleji, in goge ƙuraje, in miƙe ɗaurin ɗankwalin da ya karkace, in kori akuyar da ta kutso bayan amarya. Manhajar gyaran hoton wani mutum ne ya sa mini ita a kasuwa a Kano, haɗe da wasu ƙanana da ake jona mata. Ɗaya tana yanko mutum daga cikin hoto tsaf, har bakin hula da gefen mayafi, ɗaya kuma tana daidaita haske. 'Yan goyo nake ce musu, don ba sa tafiya sai a bayan uwarsu. Tun da na dawo gida kwamfutar ba ta shiga intanet ba, saboda sabis a garinmu sai an hau tudun bayan makaranta. Haka muka zauna lafiya ni da ita shekara da shekaru.

A shekarar da nake magana, idon Inna, mahaifiyata, ya kama hanyar tafiya. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya mutu, na dama kuma sai dai a yi ta ɗiga magani ana jan lokaci. Ta ce mini gani take kamar mai leƙe ta kafar ƙyaure, kuma kullum kafar ƙara tsukewa take yi. Ran nan, farkon damina, ina tsince mata wake, sai ta ce:

"Ke mai haɗa hotuna, ki haɗa mini 'ya'yana wuri guda in gan su tun ina iya gani. Yayanku da ƙaninki ki sa mini su kafaɗa da kafaɗa."

Mu huɗu ne. Yaya yana Fatakwal yana sayar da albasa, sai ni, sai ƙanina da ke noma a gida, sai autarmu da ke aure a Bagwai. Tun da Baba ya rasu aka raba gonar fadama, Yaya da ƙanina ba sa ga maciji. Ko sallah Yaya ya daina zuwa, sai dai aike. Inna ta san ba za ta iya tara su a tsakar gida ba, shi ya sa ta biyo ta kaina.

Na ɗauki hoton ƙanina a bakin gona yana ta mita wai na tsayar masa da aiki. Auta ta zo da kanta, ta caɓa ado kamar mai zuwa biki. A kwamfuta na jera mu a ƙofar gidanmu ƙarƙashin darbejiya, na ƙara wa fuskoki girma, na ƙarfafa haske da duhu yadda raunanan ido zai iya kamawa. Na bar gurbin mutum ɗaya a dama da ƙanina. Da na kira Yaya na nemi hotonsa, abin da ya tambaya kawai shi ne kusa da wa zan ajiye shi. Na faɗa masa, ya kashe waya. Sai da aka gama shuka matarsa ta ɗauke shi hoto a ɓoye ranar wata Juma'a ta turo mini, Allah ya saka mata.

Na ce ba zan sauke shi a waya ba, kada ta matse shi ya dushe. Na ɗauki kwamfutar na hau mota zuwa Bici, shagon wani mai gyara da ke da intanet mai ƙarfi, da niyyar in sauke hoton, in ƙarasa aikin a nan, in wanko shi in dawo kafin la'asar. Ana jona ta, hoton ya sauko lafiya lau. Bayansa sai ga wani dogon rubutu ya tare fuskar kwamfutar, wai babbar manhajar da ke tafiyar da ita ta tsufa, tana son sabuntawa. Mai shagon ya leƙo ta kafaɗata.

"Danna kawai, Malama," in ji shi. "Gyara ne, sauri ma za ta ƙara."

Na danna. Wani ɗan zobe ya shiga juyawa, ya yi ta juyi har aka yi azahar, aka yi la'asar. Da ta farfaɗo ta zo da sabuwar fuska, komai ya sauya wuri, kamar ka dawo daga unguwa ka tarar wani ya sake maka jeren ɗaki. Na buɗe manhajar hoto. Ta buɗe, ta yi fari fat, ta ɓace. Na sake, ta sake ɓacewa.

Mai shagon ya ja kujera ya ce ƙananan ne ba su jitu da sabuwar ba. Ya shiga cire 'yan goyona ɗaya bayan ɗaya, har uwar ta yarda ta buɗe. Na janyo aikin Inna. Ga ƙofar gida, ga darbejiya, amma inda muke tsaye babu kowa sai akwatuna masu ruwan toka, domin duk wanda waccan ƙaramar ta yanko, da ita ya tafi. Na gwada yanko Yaya da hannu. Ina kaiwa wuyan rigarsa komai ya sandare, sai da aka kashe kwamfutar da ƙarfi. Na ce a mayar mini da ita yadda take da. Ya sosa ƙeya ya ce ai ya share tsohuwar ɗazu don a sami wuri. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba wanda zan kama. Mutanen da suka yanke cewa kayan aikina sun tsufa ba su san akwai wata Inna a duniya ba, kuma ni da yatsana na ce musu to.

Na je Kano neman mutumin da ya sa mini manhajar, na tarar shagon ya koma na rigunan waya. Wani ya sa mini wata, ta ƙi zama. Wani ya ce sabuwar ba ta hawa kwamfuta irin tawa, in nemi babba. Kowace tafiya sai na jira ranar da ba makaranta, sai kuma ruwa bai yanke hanya ba. Aka yi noman fari, aka yi maimai, gero ya kai ƙugu, ya wuce kai. Duk sanda na shiga gida, kafin in gama sallama Inna za ta ce, "An wanko?" Ni kuma in ce saura kaɗan. Ina faɗa ina kallon yadda take lalubar bakin randa kafin ta tsoma moɗa.

Maigidana ya ga na fara ramewa, ya ce:

"Wai ba kina da hotunan kowa daban-daban ba? Ki wanko su ki sa almakashi mana."

Na hau shi da faɗa. Na ce ni da amare ke yabon aikina har Bagwai, in kai wa uwata aikin 'yan aji biyu? So nake ta duba ta ga kamar da gaske sun tsaya tare, ba tabo, ba alamar haɗi. Ya ci gaba da wasa fartanyarsa. Ni kuma na ci gaba da yawo da kwamfuta a jaka daga wannan shago zuwa wancan.

Wata Asabar da hantsi na tsaya a ƙofar ɗakin Inna, rana tar a kaina, ban yi magana ba. Ta ɗago ta dubi inda nake, ta daɗe, sannan ta ce, "Wace ce?" Ban ko zauna ba na juya na nufi tasha. A Bici na wanko hotunan nan huɗu manya-manya, na sayi sabuwar reza da farin kwali. Na jiƙa ƙaro a murfin kwalba, na yanke mu ɗaya bayan ɗaya, har na ɗan gutsure kunnen Auta. Na liƙa Yaya a gurbinsa, kafaɗarsa ta hau kan ta ƙanina.

Washegari na fito da Inna tsakar gida inda haske ya fi yawa, na miƙa mata. Ta kai shi dab da idonta na dama, ta matsar da shi, ta karkata kai, ta juya shi wajen rana. Na tsaya ina addu'a a zuci.

"Fari-fari nake gani," in ji ta. "Wannan rigar wa ce?"

Kwalin ne, ba riga ba. Ta gane da kanta, ta sauke shi a cinya ta shiga bin sa da yatsa. Da yake liƙi ne, kowa yana da gefen da ke tasowa, sai ta riƙa bi tana tambaya ina faɗa mata. Nan Auta ce, nan ni ce. Da ta kai kan mazan ta tsaya.

"Cikinsu wa ya fi tsawo yanzu?"

Ban sani ba. Yadda suka fito daga injin wanki haka na liƙa su, kuma na manta rabon da in gan su tsaye wuri guda. Na ce kusan kansu ɗaya. Hawaye ya zubo mini, na bar shi ya zuba tunda ba gani za ta yi ba.

Yatsanta ya sauko ya sami inda kafaɗar Yaya ta hau ta ƙanina. Sanyin damina ya hana ƙaron bushewa, bakin takardar ya ɗan ɗage.

"Nan bai kama ba," ta ce.

Ta ɗora babban yatsa ta danne. Ta ɗaga, takardar ta sake tashi. Na ce ta kawo in ƙara ƙaro, ta girgiza kai ta ce in je in dubi tukunya, ita za ta riƙe. Har na gama tuwo na kwashe, tana zaune a rana da yatsanta a wurin.