Tafin Hannu a Kan Kofin Shayi

Kullum bayan la'asar Garzali direba yakan tarar da dattijon nan a shagon shayi na unguwar Tsohon Filin Jirgi. Balarabe ne siriri, kwat ta yi masa yawa, idonsa na kan talabijin, inda manya ke ta musabaha kan tsagaita wuta. Wataƙila malamin makaranta ne a garin da yanzu ya zama kufai.

Da jirgi ya gifta sai dattijon ya rufe kofinsa da tafin hannu, ya zuba wa rufin ɗaki ido, kamar mai jiran ƙasa ta zubo.

Yau Garzali ya tattaro guntun Larabcinsa. "Baba, jirgin fasinja ne fa."

Dattijon bai ɗauke hannun ba. "Ɗana, ni ma haka na riƙa gaya wa jikokina."