Paulina, wadda ta hana a kai Baba Ezekiyel ɗakin baya

Kafin masu acaɓa su cika bakin titi, Paulina ta riga ta fito, bokiti a ka, tsintsiya a hammata. A unguwarmu nan Kafanchan, Maman Rachael muke kiranta. Aikinta shara da wanki da gyaran ɗaki a gidajen tsofaffi, waɗanda 'ya'yansu suka tafi Abuja da Legas suka bar musu waya da lambar da ba a ɗagawa. Ta haura shekara ashirin tana wannan aiki, amma ban taɓa jin an kira sunanta a majami'a an ce a tafa mata ba. Wanda ya saya wa majami'a fanka ana tafa masa. Ita kam, ko oho.

Ni maƙwabciyarta ce, zumuntar mata ɗaya muke, kuma da idona na ga aikinta. In ta shiga ɗakin tsoho ba ta taɓa komai sai ta durƙusa ta gaishe shi. Sannan ta fitar da katifa rana, ta kwarara tafasasshen ruwa a gaɓoɓin gado saboda kuɗin cizo. Daga sama take farawa, yanar gizo tukuna, ƙasa daga baya. Kofi da magani da tocila da Littafi Mai Tsarki, duk daidai ƙugu take jera su, kada tsoho ya sunkuya jiri ya kwashe shi. Tsakanin gado da ƙofa ko takalmi ba ta bari. Fo ɗin da 'ya'yan cikin mutum suke toshe hanci su wuce, ita take ɗauka ta wanke da toka da ruwan zafi ta kife a rana. Kuma ba ta zubar da kayan kowa. Ko gwangwanin madara ne da ya yi tsatsa, sai ta ɗaga ta ce, "Baba, wannan fa?" In ya ce a bari, an bari ke nan.

Cikin tsofaffinta akwai Baba Ezekiyel, tsohon ma'aikacin reluwe. Matarsa ta rasu, ƙafafunsa sun yi nauyi, abin da ya rage masa a duniya shi ne ɗakinsa na gaba. A nan matarsa ta cika. Daga kan gadonsa yana ganin hanya, masu wucewa kasuwa suna ɗaga masa hannu yana amsawa.

To, kun san halinmu a nan kudu, ba sai na ɓoye ba. Mutum ya mutu a kai shi mutuware ya yi wata guda ko biyu, a zo a yi wa gida fenti da tayil da sabon labule, kada baƙin jana'iza su ce 'ya'yansa ba su da komai. Tsohon da ya yi shekaru yana tare yoyo da roba a kan gadonsa, sai ya mutu gidansa yake samun sabon rufi. Mun saba gani, har mun daina jin kunya. Amma abin da aka yi wa Baba Ezekiyel ya wuce nan.

Daminar bara waccan ciwon ƙirji ya kwantar da shi, likita ya ce a sanar da 'ya'yansa. Babban ɗansa Jason bai zo ba. Mota ya turo daga Abuja cike da siminti da tayil da fenti, ya kira Malam Nuru mai fenti da magina. Ya ce a ɗauke Baba a kai shi ɗakin baya, inda ake jibge buhunan citta, ɗakin da ko taga ta kirki babu, sannan a fasa bangon ɗakinsa a haɗa da falo don baƙi su sami wurin zama. Waɗanne baƙi? Baƙin jana'izar mutumin da yake kwance yana tari, yana jin ana auna bangonsa! Haba jama'a!

Malam Nuru da bakinsa ya ba ni labari. Ya ce sun fitar da kujerar Baba ke nan sai ga Paulina. Ta sauke bokiti a tsakiyar ƙofa, ta tsaya a bayan bokitin.

"Malam Nuru, ina kwana. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Mama. Oga ne ya ce a gyara."

"To kira mini ogan."

Ya kira, ya buɗe murya kowa yana ji. Jason ya ce, "Mama, ba ki gane ba ne. In wani abu ya faru, mutanen ofis ɗinmu za su zo. Ina za su zauna?"

Ta ce, "Su zauna a tsakar gida, ɗana, zan share musu. Babanka yana numfashi. Ga shi nan yana jin ka."

"Mama, don Allah. Shara aka ɗauke ki ki yi, ba ruwanki da maganar gida."

"I, shara. Kuma ban gama ba. Ba mai taɓa mini ɗaki ina cikin aiki."

Ta miƙa wayar, ta ɗauki tsintsiya. Malam Nuru ya ce ranar nan ɗakin ya sha shara har yamma. Ta share, ta goge, ta sake sharewa. Washegari kafin su iso tana ciki. Ya ce, "Wallahi ni ma ina da uba a gida. Na ce wa magina su mayar da kujerar inda suka ɗauko ta." Bangon waje kaɗai ya yi wa fenti ya tafi. Jason ya aiko wai an sallame ta. Ta ce mai gidan bai sallame ta ba.

Baba ya warke. Fentin nan ya sha damina biyu har ya koɗe, shi yana nan a ɗakinsa yana shan kununsa.

Ke ce, Paulina, uwar tsofaffi. Ke ce kika san ɗaki na mai rai ake gyarawa. Ba ki haife su ba, ba su haife ki ba, amma ke kika san warin ɗakinsu da wanda cinnaka suka shiga sukarinsa. Omo da bilic sun tsattsage miki hannu, sunkuyo ya karya miki baya, ba ki taɓa tsayawa a bakin famfo kin tona asirin gidan kowa ba. Mun gode. Ubangiji ya sāka miki, tun da mu mun kasa.

Abin da ya sa na ɗauki biro da zafin rai shi ne, Paulina za ta tafi. Bayanta ya ƙi, yanzu ko bokiti ba ta iya ɗagawa. 'Yarta Rachael, malamar makaranta a Kwoi, za ta zo ta ɗauke ta ƙarshen watan nan, kuma ta yi daidai. Amma kwalayen tayil suna nan jibge a bayan gidan Baba, tayil kuwa ba ya ruɓewa. Baba ya san suna nan.

Ku 'ya'yan da kuke nesa, tun iyayenku suna da hancin jin ƙamshi ku zo ku wanke musu zanen gado. Mu da muke kusa, 'yan zumunta masu anko da waƙa a kowace jana'iza, ko da safiya ɗaya ce a mako mu ɗauki tsintsiya mu shiga gidan tsohon da yake kusa da mu. Ba sai kwamiti ya zauna ba.

Ranar Talata na raka ta, ta yi wa Baba sallama. Ta zauna a bakin gado tana nuna mini inda ake ajiye komai, suka yi addu'a tare, ta fita a hankali tana dafa bango. Na miƙe zan bi ta sai ya kama bakin zanena, ya rage murya kada ta ji.

"'Yata, in ta tafi, za su kai ni ɗakin baya, ko?"

Na ce masa a'a. Na faɗa ne da sunanmu duka, kada ku mai da ni maƙaryaciya.