Gangar Namadi da Kwamfutar Gummi

Makau taubashina ne, kuma ubangidana a waƙa. Da safe in tsokane shi don haƙƙin taubasantaka, da hantsi in tsaya bayansa ina amshi kamar mutumin kirki. Mutumin Zugu ne, mawaƙin noma, gajere mai faɗin ƙirji. In ya saki murya a gonar gayya, matan da ke tafe da fura tun daga gari sun san inda aiki ya kai.

Sai dai rabin waƙar Makau ba a bakinsa take ba, tana hannun Namadi, makaɗin gangarsa. Makau zai hango manomin da ya fara sanyi, ya kira sunansa da na kakansa, Namadi ya ɗaga kiɗan kaɗan, mutumin ya zabura, na gefensa ya ji haushi ya bi shi. In an doshi bakin gona ganga ta yi gudu, in tsofaffi sun fara haki ta lafa. Ban taɓa jin sun yi shawara ba. Makau ya ɗaga gira, shi ke nan.

A shekarar da zancen zinariya ya cika ƙasarmu, wajen dubu biyu da takwas, Namadi ya ce zai tafi Sunke fasa dutse kafin damina. Ba wanda ya ga laifinsa, iyali sun yi masa yawa. Amma babu wani makaɗin gangar noma da ya rage a yankinmu, kuma ba a gayyatar mawaƙi da baki kawai. In ganga ta tafi, sana'ar Makau ta tafi.

Ni na kawo shawarar Naziru, tsohon mai gyaran rediyo a Gummi, wanda ya buɗe situdiyo a bayan shagonsa da wata kwamfuta 'yar gwanjo mai manhajar haɗa kiɗa. A ɗauki gangar Namadi a faifai, Makau ya riƙa zuwa gona da rediyo mai batir. Namadi ya ba mu yini ɗaya, ranar da zai wuce.

Naziru ba wawa ba ne, kuma tun kafin mu zauna ya fara kai ƙarar manhajar. Ya ce komai nata da Turanci, kuma ba Turancin makaranta ba. Kafin ta yarda ta saurari mutum sai ta gama tambayoyi kamar mai bincike kafin aure: sunan waƙa, inda za a ajiye ta, da lambar gudunta. Ya juyo ya tambayi Makau gudun waƙar nawa ne.

“Gudun wa?” in ji Makau. “Na Lirwanu da sassahe, ko na Lirwanu bayan ya sha hura?”

Lirwanu shi ne barden noman Zugu, wanda waƙar ta fi ambata. Naziru ya ce akwatin lamba ɗaya yake karɓa. Muka zaɓi wata a tsakiya, wadda ba ta Lirwanun safe ba, ba ta na rana ba.

Aka ɗora wa Namadi abin kunne, wani agogo ya fara buga masa tak, tak, tak, wai shi zai bi. Mutumin da ya tsufa manoma na bin hannunsa. Duk inda ya ɗan ɗaga kiɗan, manhajar sai ta jawo bugun ta mayar kan layi, kamar hedimasta yana jera yara. Na ce masa ya yi haƙuri, ko ba komai yau ya shiga makarantar boko. Bai yi dariya ba.

Muka sha fama har azahar, abu ya fara kama hanya, sai aka ɗauke wuta. Da janareta ya tashi, allo fes. Ashe sai an danna maɓalli biyu tare take adanawa, kuma Naziru na jiran mu kai ƙarshe. Ya riƙe kai yana cewa ko tsohuwar rikodar kaset, abin da ta ci kafin a ɗauke wuta yana cikinta. Muka sake daga fari, muka samu kiɗa miƙaƙƙe kamar hanyar mota.

Bayan la'asar ran Makau ya ɓaci. Ya cire abin kunne, ya cire na Namadi, ya ce wa Naziru ya danna maɓallin ɗauka kawai. Ya fuskanci katifar da aka jingina a bango kamar gona ce, ya kira Lirwanu da sunan kakansa. Ganga ta amsa. Wallahi na daɗe ina amshi, ban taɓa jin su kamar ranar ba. Kiɗan ya hau, ya sauka, ya sake hawa, har na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a ɗakin da ke warin fetur. Naziru kansa ya rufe ido yana kaɗa kai.

Da muka tsaya, ya buɗe ido. Wani ɗan akwati na zaune a tsakiyar allo, tun lokacin da ya danna.

“Mi ta ce?” in ji Makau.

“Tambaya take, Baba. Wai ko mun tabbata muna son ɗauka.”

“To mi ta ɗauka?”

“Jiran amsa take.”

Hannun Namadi ya riga ya kumbura, motar da zai bi kuma tana lodi. Ya rataya gangarsa, ya roƙi gafara, ya fita. Muka koma da miƙaƙƙen kiɗan nan.

A kan babur har Zugu, Makau na bayana yana yi wa masu manhajar huɗuba a kunnena, kamar ni na ƙera ta. Abin da zai ɗauki waƙa, ya ce, ya zauna da kunne a buɗe, tunda waƙa ba ta sallama kafin ta zo. Ya bi makaɗi, ba makaɗi ya bi shi ba. In yana da tambaya ya bari a gama. Kuma a yi jan maɓalli ƙato ɗaya wanda ko tsohuwarsa Inna za ta gane. Na ce in sun zo Zugu zan gaya musu.

Da ruwa ya sauka aka kira mu gayya. Muka ajiye rediyo a gindin kirya. Makau ya kira Lirwanu, ya ɗaga gira don sabo, ganga ta ci gaba da tafiyarta. Ya sake kira. Lirwanu ya miƙe, ya dafa ƙugu.

“Makau, makaɗin nan naka lahiya yake kuwa?”

Aka yi dariya, aka ci gaba da noma a sanyaye, rana ta faɗi gona ba ta ƙare ba. Gayyar da ta biyo baya ba a aiko mana ba, haka wadda ta bi ta.

Bayan kaka Naziru ya zo Zugu da kansa, yana murna yana jin nauyi. Ya gano wani ɗan ɗigo, bai kai ƙwayar riɗi ba, a ƙarƙashin wani jeri da ke ƙarƙashin wani jeri. In an taɓa shi agogon ya yi shiru, manhajar ta bar makaɗi da gudunsa. Kusa da shi akwai na hana ta tambaya. Tun ranar suna nan.

Muka tafi Sunke neman Namadi. Ya sayar da gangar, kuma ya nuna mana yatsunsa, guduma ta mayar da su kamar itace.

Yanzu Makau albasa yake sayarwa a kasuwar Gummi, daura da shagon Naziru. In mai saye ya ce a zuba masa, sai ya tsaya da hannu a kan tulin, ya tambaye shi ko ya tabbata. Ni kaɗai nake dariya, ni ma ba sosai ba.