Likkafanin Inna Gwamma

Ni ɗan Maijirgi ne. Ba zan faɗi sunana ba, don waɗanda suka san ni sun riga sun yi dariyarsu sun ƙoshi, waɗanda ba su san ni ba kuwa ban ga dalilin gayyato su ba. Ubana manomi ne, mai gero da dawa da 'yar gonar wake. Kawuna ne ya koya mini karatu da rubutu, yana ta gaya wa mutane wai kaina yana ja. Kai yana ja, gaskiya ne, amma ciki ya fi shi. A gidanmu ba a barin ƙwaryar fura da ni a ɗaki ɗaya. Ban da wannan ba ni da wani aibi, har na kai shekara sha biyar ban taɓa ɗaukar ko allurar mutum ba. Ku samarin garinmu, tsarata da ƙannena, ku nake rubuta wa, kuma raina a ɓace yake, ku karanta da kyau.

Kun san yadda masu niyyar Makka suke ratsa garinmu bayan kaka, da sanduna da goruna, su nufi Damagaram. Kun san kuma ba a barin su su fita su kaɗai, sai an raka su. Wata shekara aka ɗora mini ƙunshin wani tsoho, aka ce in kai masa ƙauye na gaba in dawo. Muna shiga ƙauyen mata suka fito da fura da dambu da gasasshen gero. Wata ta dube ni da kaya a ka, ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, har da kai, ɗan yaro?"

Da na ce a'a, da yau ina gida ina cin tuwon uwata. Sai na sunkuyar da kai na ce, "In Allah ya yarda." Na gaya wa raina ai wannan ba ƙarya ba ce. Ran nan na sha furar da ta isa mutum bakwai, matar tana yi mini fifita tana kuka.

Na koma gida, abin bai bar ni ba. Da damina ta yi tsakiya, ana maimai, bayana ya ƙage da hauya, sai na ɗauke sandar ubana da butar kawuna na yi yamma, wajen Mayahi, inda ba wanda ya san fuskata. Dabarata guda ce. Kowane gari in shiga ta yamma, ina ɗingishi, ƙafafu shafe da toka, in ce ni maraya ne, ayarinmu yana jira na a Damagaram. In an ciyar da ni kwana biyu, an haɗa mini guzuri, sai in fita ta gabas. Masu rakiya na juyawa, in ratse cikin gero in kewaya, in nemi wani garin. Ko sunayen ƙauyukan ba na tambaya. Saƙon addu'a kuwa na karɓi wanda zai cika rumbu goma. Wannan ta ce in roƙa mata haihuwa, wancan ya ce in roƙa masa sauƙin ciwon baya. Duk na ce to. Ko guda bai wuce bakin gari ba.

A wani ƙauye arewa da Attantane, gero ya rufe shi ruf har ba ka ganin jinkar ɗaki sai ka yi karo da ita, aka ce wata tsohuwa tana kira na. Inna Gwamma ake ce mata. Idonta ya kusa tafiya, 'ya'yanta duk sun riga ta gidan gaskiya. Ta jawo wani ƙunshi daga cikin tukunya, ta kwance. Fari ne, sabuwar saƙa, laushinsa kamar a lasa.

Ta ce, "Wanga likkafanina ne. Shekara ukku ina kaɗin shi da hannuna. Ka tsoma mini shi cikin zamzam, ka shanya, ka kawo mini."

Na ce, "Inna, tafiyar fa da nisa. Wasu sai su shekara bakwai."

Ta ce, "Mi ne shekara bakwai? Na jira ruwa, na jira miji, na jira haihuwa. Kai ne ba zan jira ba, ɗan angona?"

Ba zan yi muku ƙarya ba, na kusa cewa kayana sun yi yawa. Amma hannuna ya riga ya taɓa farin nan, kuma ni tunda aka haife ni ban taɓa sa riga ba sai kwancen yayana. Na karɓa. Ta rako ni da sandarta har bakin gari tana sa mini albarka.

Kwana shida bayan nan ina Tasawa. Na kai wa maɗinki, ya yanka mini riga, ya riƙe ragowar a bakin aikinsa. Don kada wani ya gane, na kai ta marina aka tsoma ta a baba har sau uku, ta fito baƙa wuluk tana ƙyalli. Na sa ta na ratsa kasuwa sau tara a yini ɗaya. Ku duba fa. Likkafanin tsohuwa, ni kuma ina taƙama a cikinsa ina jiran 'yan mata su kalle ni. In na tuna yanzu sai in ji kamar in kama yaron nan in yi ta mari har hannuna ya gaji, sai in tuna ni ne.

Ga yadda aka kama ni. Rani ya yi, an girbe gero, an kwashe kara, ƙasa ta zama fili fetal, ƙauyuka duk suka sake kama. Wata ranar hantsi na hango wani gari, na shafa tokata, na shiga ta yamma ina ɗingishi. Ina isa bakin rijiya na fara, "Bayin Allah, maraya ne mai niyyar gabas..." sai wata mata ta saki guga ta rangaɗa guɗa.

"Alhaji ya dawo! Ku fito, yaron Inna Gwamma ya dawo!"

Garin da na sani cikin duhun gero ne, ban gane shi tsirara ba. Kafin in juya an kewaye ni, ana shafa ni ana shafa fuska. Na ga ba hanya, sai na gyara murya na ce, "Alhamdu lillahi, mun sauke farali."

Akwai wani dattijo a garin, Alhaji Barmo, wanda ya je ya dawo da ƙafarsa cikin shekara tara. Zuwana na fari yana jinya a wani gari, ban san da shi ba. Ya matso ya ce, "Sannu da hanya, ɗana. Wata nawa ke nan?"

Na ce, "Shida, baba. Ni da sauri nake tafiya."

"Madalla. Makka ta koma yamma ne, na ga ta nan ka ɓullo?"

Na ce na kewayo ne don in gai da wani.

"To, ruwan gishirin nan da ke kafin Makka, yaya kuka yi da shi?"

Na ce, "Mun tarar ya janye, sai muka naɗe wando."

Ba wanda ya yi dariya. Ya ce in zauna in miƙo ƙafa. Ya goge tokar da bakin rigarsa, ga tafin ƙafata sumul kamar na jinjiri. Ya ajiye tasa kusa da tawa. Jama'a, wannan ba ƙafa ba ce, busasshen tabki ne, faso ko'ina, wani ma sai ka ɓoye wuri na kuɗi a ciki.

Ana haka aka jawo Inna Gwamma. Ba ta ji abin da ake ciki ba, murna take. Ta lalubo hannun rigata ta riƙe tana cewa, "Angona, ka dawo? Ina saƙona?" Sai na ji yatsunta sun tsaya. Ta murza rigar. Ta sake murzawa. Ta bi ɗinkin har kafaɗa.

Ta ce, "Wanga zarena ne."

Na ce, "Inna, a kasuwa na..."

"Yi mini shiru. Ni na kaɗa shi." Ta daɗe riƙe da shi. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Mi ya sa ka rina shi? Da ka bar shi fari, da na farke na ɗinke abina."

Duka na sha a ranar, na maza da na mata, har wata ta zo da muciya. Amma duk bai kai wannan tambayar zafi ba.

Aka ɗaure ni aka kai Tasawa gaban alƙali. Aka yi mini bulala, aka sa mini mari na ƙarfe a ƙafa, aka jefa ni gidan yari. Wata uku na yi. Ƙwarƙwatar wurin sai da na raɗa wa manyan suna, don in sun taso da safe kamar an buɗe garken awaki. Kunun da ake ba mu kana iya ganin fuskarka a ciki. Aka aika wa ubana, ya ce a gaya wa alƙali ɗansa yana Makka, wanda ke hannunsu bai san shi ba.

Wadda ta zo ita ce Inna Gwamma, a kan jaki, Alhaji Barmo yana jan akala. Mutanen garinsu sun so su haɗa mata wani farin, ta ƙi, ta ce ita ba za a rufe ta da zaren da ba a gidanta aka kaɗa ba. Yatsunta kuwa sun riga sun ƙage, ba sa riƙe mazari. Ta ce wa alƙali, "Allah shi gafarta malam, zaman shi nan ba ya kaɗa mini ko kamu ɗaya. A ba ni shi."

Na ɗauka na tsira. Ashe gidan yari hutu ne. Ta sa na noma auduga a bayan gidanta, na tsince, na gurje, na shiɓe. Sannan ta zaunar da ni tsakar gida, tsakiyar mata, da mazari da alli a yatsa. Ni, namiji, mai gemu yana shirin fitowa! Kuma ta ce baƙar rigar nan ita zan riƙa sawa kullum, kada in manta. 'Yan matan garin suka mai da ƙofar gidan hanyar rijiya. "Sannu da aiki, Hajiya." "Hajiya, ruwan gishiri ya janye yau?" In na kaɗa na yini guda, Inna ta bi zaren da yatsa, ta ce, "Wanga igiyar ɗaure jaki ce," ta tsinke. Na yi fushi, na yi kuka, sau biyu na kai bakin gari da niyyar gudu. Abin da ya mai da ni, na riga na san yini nawa kamu ɗaya yake ci. Shekara uku ta yi tana wannan da ido rabi, ni kuwa na kai wa maɗinki ya sa almakashi kafin a yi la'asar. A nan na tuba, ba a gidan yari ba.

Damina biyu na yi a gidanta kafin zaren ya isa. Masaƙi ya saƙa, na kawo na ajiye a gabanta, na durƙusa na nemi gafara. Ta shafa, ta ce bai kai nata ba amma zai rufe tsohuwa. Sai ta naɗe ta turo mini.

"Saura zamzam."

Mata suka yi caa. "Inna, ɓarawon za ki sake ba?"

Ta ce, "Wancan karon bai san abin da ya ɗauka ba. Yanzu ya sani."

Yau kwananmu ashirin da barin Damagaram, muna hanyar Barno, mu goma sha ɗaya. Ubana da kansa ya ba ni sandar tasa wannan karon. Ɗingishin da nake yi yanzu ba na toka ba ne. Takalmina ya tsinke tun kwana na takwas, ƙafata ta fashe, kuma waɗanda suka sani sun ce ko bakin tafiyar ba mu taɓa ba, akwai Wadai, akwai Darfur, akwai ruwan da ba ya janyewa. Shekaranjiya muka shiga wani gari da yunwa, suka ƙi ba mu ko ruwa. Mai garin ya ce, "Mun ga irinku. Bara wani ya cinye mu, muka gan shi a kasuwa bayan kwana goma." A cikinmu akwai tsoho mai shekara saba'in, ya sayar da gonarsa ya fito, ran nan haka ya wuce da bushasshen baki. Na fusata, ina neman wanda zan zaga. Wa zan zaga? Ƙauyuka nawa na bari a bayana da za su yi wa wani tsohon haka saboda ni?

Zan ba fataken da suka nufi gida wannan takarda. Ku da za ta iske, in masu niyyar gabas sun ratso, ku ɗaukar musu kaya, ku raka su, ku dawo gida. In wata ta tambaye ku ko har da ku, ku buɗe baki ku ce a'a, ko da furar ta kai tabki. In an ba ku saƙo ba za ku kai ba, ku ajiye shi nan a gaban mai shi. Kada ku ce ƙwarya ɗaya ce, ni ma da ƙwarya ɗaya na fara.

Wanda kuma hanya ta kai shi arewa da Attantane, ya tsaya ya gai da Inna Gwamma. Ya ce mata ƙunshin yana bisa kaina, ko ruwan sama ban bari ya taɓa shi ba, yana nan fari. Ranar da zan fito ta ce ba za ta mutu ba sai na dawo. Na zauna da matar nan damina biyu, ban taɓa jin ta faɗi abu ta fasa ba, don haka dole in ɗaga ƙafa.