Wankan Jego a Hawa na Huɗu

Shekara talatin Inna Azumi ta yi tana dafa ruwan jego a Malumfashi. Duk matar da ta haihu a unguwarsu, ita ake aika wa. Ta san yawan itacen da rabin duro ke ci kafin ya tafasa, ta san ganyen darbejiyar da ba ya saurin zubewa a bayan mai jego. Don haka da autarta Zakiyya ta haihu a Jidda, mijin ya aiko da bizar ziyara, Inna ba ganin jika ta zo ba. Aiki ta zo yi, da kanwarta ƙulle a leda biyu. Tsoronta ɗaya ne: kada sanyi ya shiga jikin yarinyar ta kumbura, a ce ga 'yar Azumi can ba ta sami wanka ba.

A watan Yuli ta sauka. Gidan yana hawa na huɗu a Aziziyya, ba tsakar gida, ba murhu, tagogi a rufe, na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani. Surukinta Abdulkahar, mai aikin gwajin jini a wani asibiti, ya raka ta ƙofar banɗaki, kansa a ƙasa.

"Inna, a nan in zafi ya shigo famfo juyewa yake. Shuɗin nan daga tankin saman bene yake zuwa, rana ta riga ta dafa shi. Jan kuma na sakhan ne, waccan tukunyar dafa ruwa ta jikin bango. Mun kashe ta, ruwan cikinta ne kaɗai mai sanyi. Don Allah kada a taɓa makunnin."

"To, Malam," in ji Inna. A ranta kuwa mamaki take: Allah ya ba mutum tukunyar da ba ta cin itace, ga mai jego a gida, shi kuma ya kashe ta.

Zakiyya ma ta yi nata ƙoƙarin. "Inna, likita ta ce jinina ya hau. Ban da ruwan zafi, ban da kunun kanwa."

"Likitar ta taɓa haihuwa?"

"Huɗu gare ta. 'Yar Masar ce."

"To, haihuwar Masar ta yi."

Inna ta yi haƙuri har aka yi suna, Abdulkahar ya koma aiki. Washegari da hantsi ta tsinko darbejiya a bakin masallacin layin, ta hau kujera ta danna makunnin sakhan, sannan ta kashe na'urar sanyi. Kafin azahar banɗakin ya yi irin tururin da take so. Zakiyya, wadda ba ta taɓa iya musu da uwarta sau biyu a kan abu ɗaya ba, ta zauna a kujerar roba. Inna ta tsoma ganye ta kaɗa mata a baya. A kaɗawa ta biyar yarinyar ta ce, "Inna, duhu nake gani," ta sulale ƙasa.

Inna ta murɗa shuɗin famfo don ta yayyafa mata, ruwan ya ƙone mata hannu. Ta murɗa jan, ya fi. Ta tsaya tsakanin famfo biyu, jaririya tana tsala kuka a ɗaki, ita kuwa da ta yi shekara talatin tana neman ruwan zafi ta rasa cikin tafin hannu na mai sanyi. Da ƙyar ta tuna da firji. Gorar zamzam ɗin da ta ɓoye don tsarabar Malumfashi, ita ta juye wa 'yarta a fuska.

Kwana biyu Zakiyya ta yi a asibiti. Likitar ta dubi Inna ta ce, "Halas, ya Hajja," Inna kuwa ba ta nemi a fassara mata ba, ta san an ce mata ya isa haka. Abdulkahar kuwa salatif kawai ya liƙa a kan makunnin, ninki uku. Da ya yi faɗa da ya fi mata sauƙi.

Ba ta fasa wankan ba, sai dai aikin ya juye kamar famfon. Da sassafe take cika bokiti biyu ta ajiye a ƙarƙashin na'urar sanyi. Ta koyi daskarar da ruwa a leda, ta jefa ƙanƙara, ta gwada da gwiwar hannu, ta ƙara. Ganyen dai na nan, kaɗawar ma na nan, a hankali. Kullum tana latsa ƙafar Zakiyya da yatsa ta ga ko ta kumbura. Ƙafar ta ƙi kumbura, abin da ya faranta mata rai, ya kuma ɗan ɓata mata.

Ana gobe arba'in yayarta Mariyamu ta aiko da saƙon murya daga gida. "Azumi, ana dai samun ruwan zafi sosai a can ko? Kar ki bari su lalata mana yarinya da wankan Larabawa."

Inna ta goge hannunta da ya sandare a jikin zani, ta danna wayar.

"Yaya, kwantar da hankalinki. Garin nan ba su da komai sai ruwan zafi. Ko rana ɗaya ban rasa ba."

Ta ajiye wayar, ta fasa wata ledar ƙanƙara a bakin bokiti.