Karkataccen Kitson da Na Dawo da Shi Daga Cheras

Wusasa zuwa Abuja

Gari bai waye ba ɗana Yohanna ya kai ni tasha a kan mashin. Ikilisiyarmu ce ta tura ni aikin sa kai a wani gidan marayu a Malesiya, ni kaɗai daga Najeriya. Tun rasuwar maigidana nake cewa na saba da kaɗaici, ashe ban san komai ba tukuna.

A shingen Jaji soja ya buɗe jakata, ya ga ƙuli-ƙuli.

"Mama, ina za a kai wannan?"

Na ce, "Malesiya." Ya yi dariya har ya manta da sauran kayan.

Kuala Lumpur

Bayan canjin jirgi a Doha muka sauka cikin ruwan sama, ga zafi kamar an rufe tukunya. Direban tasi ya tambaye ni ko na yi makan, wato ko na ci abinci. Na ce na ci, alhali hanjina kuka yake.

Masaukinmu can saman wani dogon bene ne a unguwar Cheras. Abokan aikina matasa ne 'yan Koriya da Singafo, masu kirki, amma Turancinsu gudu yake, nawa kuwa da sanda yake tafiya. Bayan addu'ar safe kowa ya kama wayarsa. Ni kuma in tsaya a taga da shinkafar kwakwa, ina kallon motoci. Kewar gida ta ci ni ƙwarai.

Gidan marayu

Mai kula da gidan wata 'yar Sin ce, Anti Mei, mace mai zafin nama da ƙarancin magana. Cikin yaran akwai Joy, 'yar shekara shida, baƙa kamar jikata. Uwarta ta rasu, ubanta ɗan Afirka ne da ba a san inda ya shiga ba. Gashinta ya cukurkuɗe, ya karya duk wani mataji na gidan, saboda haka aske mata ake yi, yara su riƙa kiranta namiji. An sa Asabar za a sake askewa. Da ta ga almakashi sai ta shige ƙarƙashin tebur.

Raina ya ɓaci. Na ce a bar mini kan.

Anti Mei ta ce, "Boleh, na yarda. Amma in kin tafi fa? Baƙi sukan zo su yi abin kirki, su ɗauki hoto, su hau jirgi. Ni ake bari da kan."

Gaskiya ta faɗa.

Jalan Semarak

Aka ce mini akwai 'yan Arewa wajen jami'a, a titin Jalan Semarak. Na hau jirgin ƙasa, na ƙarasa da bas, na ɓata sau biyu. A bakin wani shago na ji mace tana cewa, "Kai Khalil, zo nan don gidanku!" Ban taɓa jin zagi mai daɗi haka ba. Na yi sallama, sai hawaye.

Bakanuwa ce, mijinta na karatu. Ta ja ni gidanta, ta zuba mini tuwo da miyar kuka.

"Wallahi Mama, garin nan loneliness ke kashe mutum. Ci, lah, sauran in yi miki tapau, in ƙunshe miki ki tafi da shi."

Da ta ji labarin Joy ta ɗauko kibiyar kitsonta da man kaɗanya ta ba ni. Ta ce, "Maraya ai na kowa ne."

Cheras kuma

Na zaunar da Joy tsakanin ƙafafuna, na jiƙa gashin, na tsefe a hankali, na yi mata shuku. Kafin in gama ta yi barci a cinyata. Da ta farka ta daɗe gaban madubi tana shafa kanta.

Amma kitso ba ya wuce mako biyu, ni ma zamana ba zai wuce haka ba. Sai na tsefe nawa kan, na miƙa wa Anti Mei kibiya don ta koya a kaina, na zauna a ƙasa gabanta. Kullum da yamma haka muke. Matar nan ta ja mini gashi har na ga taurari, tsagarta kuwa kamar hanyar shanu. Ta yi tsaki, ta tsefe, ta sake. Na ƙara miƙa mata kan, don rabon da wani ya taɓa kaina da hannu har na manta.

Ranar tafiyata Joy ta ƙi fitowa daga ƙarƙashin tebur. Na durƙusa na kira ta, ta juya mini ƙeya. Na bar wa Anti Mei kibiyar, na shiga tasi ina kuka.

Gida

Na iso Wusasa lafiya, na gode wa Ubangiji da ikilisiyar da ta aike ni. Ran Lahadi ɗankwalina ya zame, matan zumunta suka fashe da dariya.

"Saratu, wa ya yi miki wannan ɗanyen aiki? Zo in gyara miki."

Na ce su bar mini abina. Bayan mako uku hoto ya shigo wayata daga Anti Mei: Joy ce da kayan makaranta, tana dariya, da sabon kitso a karkace, irin nawa sak.