Yatsan Roba na Ammu Sale

Ina tsaye a tashar motoci ta Kudai bayan la'asar ɗin ranar Talata, ina jiran motar da za ta kai ni Harami, wayata ta yi ƙara. Matata Rukayya ce. Ko sallama ba ta yi ba, abin da ba halinta ba. Cewa kawai ta yi, "Abban Hafsa, Ammu Sale ya rasu," sai kuka ya ci ƙarfinta. Motoci uku suka cika suka tashi a gabana ban shiga ko ɗaya ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ammu Sale (ammu shi ne baffa da Larabci) tela ne a unguwar Zahir. Iyayensa Hausawa ne da suka taso aikin Hajji a ƙasa, suka yi shekaru a Sudan kafin su ƙetaro ƙasa mai tsarki, a can ma aka haife shi. Ni kuwa daga Zariya na zo karatun aƙida, da mata da jaririya, ban san kowa ba. Shi ya samo mana ɗakin haya kusa da gidansa. Shi ya raka ni wurin mai gidan, ya yi ta Larabcinsa na 'yan gari har aka sauko mana da kuɗin hayar. In ɗalibi ya kai masa gyaran jallabiya, sai ya gyara ya rataye, in an tambayi kuɗi ya ce, "Ka je, in ka zama shehi ka tuna da tela." Bai taɓa wuce marar lafiya a layinmu bai leƙa ba, kuma ba ya zuwa hannu rabbana, ko da lemo uku ne a leda.

Abu ɗaya ne nake ƙi a tare da shi, kuma na ƙi shi da gaske. Ammu Sale yana sayen kayan dabo. A ƙarƙashin teburin yankansa akwai kwalaye na irin waɗanda ake sayarwa a shagunan kayan wasan yara: kofuna uku da ƙwallo, igiyar da ake yankewa ta koma ɗaya, kwabon da ke ɓacewa a tafin hannu. Wasu daga Jidda yake sayowa, wasu jikokinsa ke yi masa oda ta waya. Shi da kansa yakan ce yawancinsu shara ne. "Ka sayi goma, tara ba su kai kuɗin kwalinsu ba. Hoton waje ya fi abin ciki." Amma bai fasa saye ba. Yana da ƙa'ida guda wadda ban taɓa ganin ya karya ba: duk wanda ya yi wa dabo, ba zai bar shi ya tashi ba sai ya nuna masa yadda aka yi. Zai buɗe hannu, ya juya kofin, ya nuna ramin ɓoye, ya ce, "Shuf, ya waladi, duba ɗana. Babu aljani, babu komai. Hannu ne ya riga ido."

Ni a lokacin ina ji da karatuna, kuma ina da saurin baki, har yanzu ban rabu da shi ba. A wata walimar suna, dattawa sun cika falo, ya fito da igiyarsa yana ba mutane dariya, sai na miƙe zaune na ce, "Baba, dattijo kamarka, a maƙwabtan Ɗakin Allah, ka riƙa zuba guminka a kayan rufa-ido? Wannan asarar dukiya ce, kuma wasa ne a bakin ramin sihiri." Ya dube ni, ya naɗe igiyar a hankali ya sa a aljihu, ya ce, "Tayyib, Ustaz. Allah ya ƙara ilimi." Daga ranar na rage zuwa shagonsa, ina ganin na yi jihadi.

Bayan kamar shekara guda Rukayya ta kamu da ciwon ciki. A asibiti aka ce duwatsu ne a matsarmama, sai an yi aiki, kuma kada a ja lokaci. Rukayya ta ce ita ba za a yanka ta ba, don mahaifiyarta a ɗakin tiyata ta cika. Ana cikin haka wata maƙwabciya ta kawo mata wata mai magani ba da sanina ba. Matar ta shafa cikinta, ta yi 'yan tofe-tofe, ta zaro baƙin zare mai ƙulli bakwai daga gefen cibiyarta. Ta ce sammu ne, akwai saura a ciki, kuma in ƙarfen likita ya taɓa ta kafin a gama cirewa, ba za ta tashi ba.

Na karanta mata aya, na karanta mata hadisi. Na ɗauko littattafan da nake rubuta digiri a kansu na baje a gabanta. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na yi abin da nake jin kunyarsa, na ce in ta sake barin matar ta shigo za ta koma gidansu. Amsarta ɗaya ce kullum: "Ban ƙaryata Allah ba, Abban Hafsa, amma da idona na gani." Idanunta suka fara yin ɗorawa, abinci ba ya zama a cikinta. Ina kallon matata tana ƙarewa, ilimina duka ya kasa ɗaga ta daga katifa zuwa mota.

Ban nemi taimakon Ammu Sale ba, girman kai bai bar ni ba. Matarsa Zainabu, da muke ce wa Hala, wato goggo, ita ta kai masa labari. Ya aiko ta ta tambayi Rukayya dalla-dalla: da wane hannu matar ta shafa, ina ɗaya hannun yake, ta buɗe tafinta ko a dunƙule yake. Kwana uku bayan haka, da hantsi, suka yi sallama shi da Hala. Ya zauna a bakin ƙofa, ya ce Rukayya ta zauna inda za ta gani da kyau. Sai ya ce da ni, "Ustaz, ɗaga rigarka. Yau kai ne marar lafiya."

Na ɗaga, raina a ɓace. Ya nuna tafukansa biyu, babu komai. Ya dafa cikina, ya murza, sai ga baƙin zare yana fitowa daga fatata, ƙulli bayan ƙulli, har bakwai. Wallahi ni da na san ƙarya ce sai da tsigar jikina ta tashi. Rukayya ta dafe ƙirji tana salati. Shi kuwa ya kama babban yatsansa na dama ya zare shi. Yatsan roba ne, kalar fata, rami ne a cikinsa, nan zaren yake. Ya miƙa wa Hala ta miƙa wa Rukayya.

"Riƙe, ya binti, 'yata. Sa a yatsanki ki gwada. A shagon kayan wasa ake sayar da shi, kusa da balan-balan."

Rukayya ta juya shi, ta cusa zaren, ta zaro. Ta sake yi. Sai ta fashe da kuka irin na wanda aka ci amanarsa. Ammu Sale ya bari ta yi mai isarta, sannan ya ce, "Sihiri gaskiya ne, yana cikin Littafi. Amma wannan ba shi ba ne, wannan roba ce. Ciwonki kuma gaskiya ne. Yalla, ki tashi ku je mustashfa, asibiti, Hala za ta zauna da ke." A makon aka yi aikin. Likitan ya ce matsarmamar ta riga ta kumbura, da an ƙara jinkiri da labarin ya canza.

Na je shago na yi masa godiya, ya ce, "Halas, Allah ne." Amma maganar da na yi a gaban mutane ban janye ta a gaban mutane ba. Kullum ina cewa sai an sami wani taro. Taro ya yi ta zuwa yana wucewa, nauyin baki ya hana ni, har shekara uku. Taron da na samu a ƙarshe shi ne sahun da muka yi a Harami muna yi masa salla.

Ranar uku Hala Zainabu ta sa aka kira ni bakin ƙofar mata. Daga bayan labule ta yi magana, muryarta a dushe. Ta ce akwai abin da Ammu bai yarda a faɗa ba yana raye. 'Yarsu ta fari, Maryam, tana da shekara shida ciwon ciki ya kama ta. Wani mutum ya zo ya zaro zare da ƙusa daga cikinta a gaban ubanta, ya ce kada a kai ta asibiti. Ammu Sale ya gani da idonsa, ya yarda. Kwana huɗu yarinyar ta yi ta rasu. Bayan shekaru masu yawa, ya shiga wani shago a Jidda zai saya wa jikansa mota ta wasa, sai ya tarar da mai shagon yana zaro ƙyalle daga hannun wani yaro da irin wannan yatsa.

"Ya sayo ya dawo gida," in ji Hala, "ya ajiye a gabana, ya zauna a ƙasa. Ya ce, Zainabu, riyal goma. Da riyal goma aka karɓe mana Maryam. Tun daga ranar duk kayan dabon da ya gani sai ya saya, wai kada a sake yin wanda bai san shi ba."

Wannan shi ne mutumin da na tsayar a gaban dattawa na ce yana asarar dukiya. Ya ji, ya san abin da ya sani, ya ce Allah ya ƙara mini ilimi. To, ga shi na faɗa yau inda kowa zai karanta: Baba, ni ne ban sani ba. Uwar 'ya'yana tana raye a ɗakina, kuma Allah ta hannunka ya bar mini ita.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Salihu, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ka ba Hala Zainabu da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin rashinsa, ka zama gatansu a bayansa. Ka sa ya yafe mini ranar da za mu tsaya a gabanka. Ka haɗa shi da Maryam a Aljanna Firdausi, ka cire masa nauyin da ya ɗauka a kanta duk tsawon rayuwarsa. Amin.